Inda Za a Kai Dokin da Ya Gurgunce

A ƙasar Kazaure, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da kuma maƙwabciyarsu Babura ta ƙasar Ringim, gidan sarauta ba ya rasa turke. Tun zamanin Ibrahim Dantunku, wanda ya kafa sarautar a wajen 1819, doki ne abin yaƙi, shi ne abin rangadi, shi ne kuma kyautar da babba ke yi wa wanda ya yarda da shi. Yanzu mota da babur sun karɓe tafiya, abin da ya rage wa doki shi ne hawan salla da na angwanci da kilisa da maraice. Dukan waɗannan kuwa aikin mai ƙafa huɗu lafiyayyu ne. Saboda haka ran da ingarman hakimi ya soma ɗingishin da ba ya warkewa, aikinsa ya ƙare ke nan, alhali kuwa ransa da saura, gama doki yakan kai shekara 25 har 30 in ya sami kulawa. Wanda ya gurgunce yana da shekara 12 yana iya cin harawa shekara goma sha wani abu nan gaba.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, kuma babu shakka mazaunin da ya fi dacewa da gurgun doki shi ne bargar da ya saba da ita. Amma ba kowa ke da halin riƙe dawaki biyu ba, ga salla tana zuwa, tilas a sami na hawa. Wannan takarda bayani ce ga hakimai da malamansu a kan yadda za a nema wa irin wannan doki wurin zama, domin su ne ake kawo wa maganar, su ne kuma talakawa ke kallon yadda suka yi da nasu.

A fara tabbatar da gurguntar

Ba kowane ɗingishi ne na har abada ba. Ƙaya ko ƙusa ko tsakuwa takan shiga tafin kofato ta tara mugunya, doki ya ƙi taka ƙafar ko kaɗan har a ɗauka karaya ce, amma da an buɗe wurin mugunyar ta fita, cikin 'yan kwanaki sai ya miƙe. Jijiyar bayan ƙafa in ta ji rauni takan bukaci hutun wata shida zuwa shekara. Kofaton da ya tsage kuma ba ya haɗewa, sai dai sabo ya tsiro daga sama ya turo tsohon, wannan kuwa yakan ci wata 9 zuwa 12. Dawaki da yawa an rabu da su a kan ciwon da haƙuri kaɗai yake so.

Ga yadda ake gane ƙafar da ke ciwo. A sa ɗan barga ya ja dokin da ragama, ba sirdi, ya yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, mai dubawa yana tsaye a gaba. In ciwon a ƙafar gaba yake, dokin zai ɗaga kai sa'ad da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauke shi a kan mai lafiya. Ƙafafun gaba su suka fi kamuwa, domin su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki. Sa'an nan a shafa kofato a ji ko da zafi, a bi gaɓoɓi a ji ko da kumburi mai tauri kamar ƙashi.

Gurguntar da ba ta warkewa yawanci iri uku ce. Akwai ta gaɓa, inda ƙashi ke tsirowa a bakin gaɓar har ta sandare. Akwai ta jijiyar da ta warke a ɗaure. Akwai kuma kumburin cikin kofato, wanda sau da yawa ƙauna ce ke jawo shi: a cika wa doki gero da dawa da dusa yana tsaye a turke ba motsi, don ya yi ƙiba kafin salla, sai naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofato ya kumbura ya saki. Irin wannan doki yakan tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya.

Hukunci a kan wannan na likitan dabbobi ne, kuma ya kamata a nemi ya rubuta abin da ya gani. In dokin mai daraja ne ƙwarai, asibitin koyar da likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana ɗaukar hoton ƙashi. Lalas da wuta a kan gaɓa, wanda aka gada tun kaka da kakanni, ba ya mai da ƙashin da ya riga ya tsiro, sai dai ya ƙara gyambo a kan ciwo. Haka kuma allurar kashe zafi da ake sayarwa a kasuwa ɓoye ɗingishi take yi na kwana ɗaya ko biyu, in aka dinga yi kuwa tana ɓata ciki da ƙoda.

Abin da ya rage masa

In an tabbata, sai a tambayi likita abin da dokin zai iya nan gaba, gama amsar ita za ta nuna irin gidan da za a nema. Wani yana iya ɗaukar yaro marar nauyi a tafiyar ƙasaita, ba sukuwa. Wani ba ya hawuwa sam, amma yana kiwo, yana kwanciya ya tashi da kansa ba wahala. Goɗiya mai asali tana iya haihuwa, in dai ƙafarta za ta ɗauki nauyin ciki na wata 11. Ingarma kuma yana iya baye in ciwon a gaba yake, amma wanda ƙafar bayansa ta lalace ba zai iya ba. A nan sai a lura da abu guda: in gurguntar daga hatsari ta zo, ba ta bin jini, amma in daga karkatacciyar halittar ƙafa ce, duƙushi yana iya gadonta, ba kuwa alheri ba ne a yaɗa irin wannan a gunduma.

Ƙasar da za a kai shi

Ƙasar Kazaure ba iri ɗaya ba ce. Wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu da tsakuwa, in aka yi arewa da gabas wajen Babura kuwa rairayi ya fi yawa. Dokin da ciwonsa ke cikin kofato ko gaɓa, tsakuwa azaba ce gare shi, ƙasa mai taushi ita ce hutunsa. Amma mai raunin jijiya, rairayi mai zurfi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki yakan ja jijiyar ya tada ciwon, shi ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ɗan ƙarfi yake so. Fadama tana da ciyawa, tana ruɗin ido, sai dai tsayuwa cikin laka da damina tana ruɓar da tafin kofato, ga ƙuda da sauro. Don haka ba a cewa ƙauye kaza yana da kyau ga gurgun doki sai an san irin gurguntarsa.

Turke ma abin dubawa ne. Gaɓar da ta sandare, tsayuwa wuri ɗaya yini da kwana tana ƙara sandarar da ita. Gidan da ke da ɗan fili mai danga da inuwar itace, inda dokin zai yi ta takawa a hankali ba dabaibayi, ya fi barga mai rufin kwano wadda ba ya fita daga cikinta.

Mutumin da za a ba

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren na manya ne. In hakimi ya kira dagaci ko mai unguwa ko wani baransa ya ce ya ba shi doki, ba mai iya cewa a'a. Zai faɗi ya yi godiya, a yi masa barka, ya ja dokin zuwa gida, makwabta su taru kallo. Hakimi yana ganin ya yi kyauta kuma ya sama wa dokinsa wuri. Shi kuwa wanda aka ba an ɗora masa kaya ne wanda kunya ba za ta bari ya sauke ba.

Lissafin ba shi da wuya. Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana. Mai nauyin kilo 300 ke nan yana bukatar wajen kilo 6 na harawa da ingirici, watau fiye da kilo 2,000 a shekara, ban da dusa da kanwa. Ruwa kuwa, da bazara jarka guda mai lita 25 ba ta isarsa a yini. Ga gyaran kofato kowane mako 6 zuwa 8, wanda gurgu ya fi mai lafiya bukata, domin ba ya tafiyar da za ta cinye masa kofaton, ga maganin tsutsar ciki. Manomin da ke da shanun huɗa biyu da tumaki, in watan Mayu ya zo harawa ta ƙare, ya san wanda zai fara ba sauran abin da ke rumbu, ba kuwa wanda zai zarge shi. Dokin da ba ya noma, ba ya hawuwa, shi ne na ƙarshe a layi.

Saboda haka kada a yi maganar a zaure gaban jama'a. A aiki wani amintacce ya je ya ji ra'ayin mutumin a keɓe, ta yadda zai iya ƙi ba tare da jin nauyi ba. Wanda ya karɓa bayan an ba shi ƙofar fita, shi ne mai so. Kuma in za a je duba gida, a je da bazara, cikin Afrilu ko Mayu. Da kaka kowane gida mai wadata ne. A dubi jakinsa da tumakinsa a lokacin: in haƙarƙarinsu a rufe yake, ba gyambo a bayan jakin, to hannunsa yana da kyau. A tambaya wa zai riƙa ba da ruwa in maigida ya tafi ci-rani. A duba ko akwai samari a gidan, domin gurgun doki mai kyan gani a hannun saurayi ranar angwancin abokinsa, ba a jima ba an ɗaura masa sirdi.

Wanda ya zo da kansa yana roƙo kuma, a tambaye shi abin da zai yi da dokin. Dattijon da ya yi zamaninsa a barga, ya tsufa, yana son ya riƙa jin haniniya a gidansa, ya fi kowa dacewa, in an taimake shi da abinci. Mai goɗiyoyi da ke neman irin ingarman shi ma dalilinsa a fili yake. Amma baƙon da bai tambayi ciwon ba, bai ɗaga kofato ya duba ba, sai dai ya kewaya dokin yana auna jikinsa da ido, wannan nama yake tayawa.

Hanya mafi sauƙi, wadda sau da yawa ba a tunawa da ita, ita ce hakimi ya kai dokin gandunsa ko gidan wani nasa a ƙauye, ya ci gaba da aika harawa da dusa daga gidansa. Wuri da hannu ne kaɗai aka nema, nauyin ciyarwa bai tashi daga inda yake ba.

Kasuwa

Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Gurgun doki in ya shiga irin wannan kasuwa, mai shi ba shi da sauran iko a kan inda zai ƙare. Wani za a yi masa allura a ɓoye ɗingishin, a sayar wa wanda bai sani ba, shi kuma in ya gane ya sake kai shi wata kasuwa, farashi yana faɗuwa, kulawa tana raguwa. Wani kuma a loda shi a babbar mota zuwa kudu, gama akwai kasuwanni kamar Obollo-Afor a Jihar Inugu inda ake sayen dawaki don yanka. Tafiyar ta fi kwana guda, a tsaye, a cunkushe, a kan ƙafa uku.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, sojan Ingila sun sayar da dawakinsu a Masar maimakon su koma da su gida. A 1930 wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta iske ragowarsu a titunan Alƙahira, tsofaffi, ramammu, guragu, suna jan kaya. Ta nemi taimako a jaridar Ingila, aka tara kuɗi, ta fanshi wajen 5,000, mafi yawansu kuwa sun riga sun lalace har ba abin da ya rage sai a hutar da su. A 1934 ta buɗe asibitin dawaki a Alƙahira. Waɗanda suka sayar da su tun farko ba mugunta suka nufa ba, sun dai sa hannu a takardar ciniki ne, ba su sake waiwaya ba. A Ingila tun 1886 aka kafa gidan hutun dawakin da ke jan keken haya a Landan. A gundumomin nan kuwa, gidan hutun doki shi ne duk gidan da mai shi ya zaɓa masa.

In dole ta sa sai an sayar, shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibi, mai saye kuma yana da ikon mayarwa in ya gano an ɓoye masa. Har wa yau dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta lissafa sa dabba aiki alhali ciwo ko rauni ko tsufa sun hana ta a cikin laifuffukan da ake hukunci a kansu.

Aikin malamin hakimi

Abin da ya fi tsare doki shi ne a ba da shi kiwo, kada a ba da shi kyauta. Bambancin babba ne. Kyauta in an karɓa ta zama dukiyar wanda aka ba: yana iya sayarwa gobe, mai binsa bashi yana iya kamawa, in ya rasu kuma ta shiga gado, magada su kai ta kasuwa don a raba kuɗin. Kiwo kuwa amana ce, dokin yana nan na mai shi. Al'ada ce da kowa ya sani a kan tumaki da shanu, ba wanda zai ji baƙon abu in an yi ta a kan doki.

Malami ya rubuta takarda, kofi biyu, ɗaya a ofishin hakimi. Ya fara da siffar dokin yadda ba za a musanya shi ba: kili ne ko akawal ko bidi ko danda, shekarunsa, farin goshi ko na ƙafa, tabo in akwai, a haɗa da hotonsa da aka ɗauka da waya ta ɓangarori biyu. Ya rubuta ƙafar da ta gurgunce da abin da likita ya ce, a fili, ba sakayawa, domin kada wata rana a ce a hannun mai kiwo ciwon ya samu. Ya rubuta abin da aka yarda dokin ya yi da abin da aka hana. In an hana hawa, to sirdi da linzami su tsaya a gidan mai shi, ragama kaɗai za ta bi dokin. Ya rubuta wanda zai ba da abinci da yawansa, dami nawa na harawa, buhu nawa na dusa, a wane wata, da wanda zai biya likita. In goɗiya ce, a faɗi rabon 'ya'ya tun yanzu. Sa'an nan sharaɗin da ya fi duka: ba sayarwa, ba bayarwa ga wani, ba aro, kuma duk ran da mai kiwo ya gaji yana da ikon maido da dokin ba tare da an tambaye shi dalili ko an ga laifinsa ba. Mutum in ya san ƙofar mayarwa a buɗe take, ba ya neman ta kasuwa da dare. Dagacin garin da limami su zama shaidu.

Ya kamata a ƙara layi guda a kan mutuwa, ta mai dokin da ta mai kiwon, a faɗi wanda nauyin zai koma kansa. Dokin yana iya riga su duka biyu daɗewa.

Ranar kaiwa da bayanta

In wurin kusa ne, a ja shi da sanyin safiya, a hankali, ana hutawa. In da nisa, a sa shi a mota mai shimfiɗar yashi ko buntu. A haɗa shi da abincin da ya saba na kwana goma, a riƙa gauraya shi da na sabon gida kaɗan kaɗan, domin sauya wa doki abinci farat ɗaya yana kawo ciwon ciki wanda kan kashe shi. Ɗan bargan da ya saba da shi ya kwana biyu ko uku a can, ya nuna wa sabon hannu halinsa, inda yake son a shafa da abin da ke firgita shi. Doki dabbar garke ce, kaɗaici yana ramar da shi, jaki ko tunkiya a kusa sun ishe shi abokan zama.

A koma a duba bayan wata guda, sa'an nan a ƙarshen bazara da tsakiyar damina kowace shekara, ba tare da an aika da sanarwa ba. Malami ya rubuta ranar da abin da aka gani. Alamun da ke nuna wurin bai karɓe shi ba su ne haƙarƙari a fili, kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe sama, saɓar sirdi a gadon baya, da gyambo a kwatangwalo ko gwiwa, wanda ke nuna yana daɗewa a kwance.

In babu wurin da zai yi

Akwai dokin da ba gidan da zai amfane shi. Wanda ba ya iya taka ƙafar sam, nauyinsa yakan koma kan 'yar'uwarta har ita ma kofatonta ya kumbura ya saki. Haka ya faru ga Barbaro, dokin da ya ci babbar sukuwar Kentaki a Amurka a 2006: ya karye a ƙafar baya makonni biyu bayan nasarar, manyan likitoci suka yi wata takwas suna fama, karayar ta kama hanyar warkewa, amma sauran ƙafafun suka lalace, aka hutar da shi a Janairun 2007. Abin da dukiyar Amurka ta kasa, ba a ɗora wa manomin Karkarna shi ba.

Dokin da ke yini a kwance, ko ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, ko yana gumi yana nishi ba aikin komi, ko ya bar cin abinci, likita ya duba shi, a kuma nemi fatawar malamai. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai daga gare ta, domin a hutar da ita, kamar yadda suka wajabta wa mai dabba ciyar da ita muddin tana hannunsa. Sakin ta a bayan gari ta mutu da ƙishirwa ba ya cikin abin da aka yarda da shi. A yi abin a gidan da ya saba, da safe, ɗan bargansa yana riƙe da ragama. In da allura likita ya yi, naman ya zama guba ga karnuka da ungulaye, don haka a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da fadama, a rufe da ƙasa mai kauri, malami kuma ya rubuta ranar a ƙasan takardar kiwon, ya sanar da shaidu.